Yadda Ake Gina Rumbun Taimakon Rubutu a Intanet Don Malamai da Ɗaliban Jami'a

Malam, in wannan ne karon farko da aka ɗora maka duba jinga da kundayen ɗalibai, kafin zangon karatu ya raba za ka tarar kana maimaita gyara iri ɗaya a kan takarda bayan takarda. Manazarta ba tsari, take ya yi gabas manufar bincike ta yi yamma, sakin layi guda ya cinye shafi. Jan biro ya ƙare, kuskuren yana nan. Abin da na daɗe ina yi a nan Gusau shi ne tara bayanin gyare-gyaren nan wuri guda a intanet, inda ɗalibi zai duba da kansa, malami kuma ya tura shi can maimakon ya sake rubuta bayanin da hannu.

Yawancin sassa suna da wani abu mai kama da haka: zauren WhatsApp da aka cika da fayiloli, ba wanda ya san wanne ne sabo. Don haka sau da yawa aikin gyara ne. Ƙa'ida biyu nake bi. Abin da za a zuba a rumbun ya fito daga kurakuran ɗalibanmu na zahiri, sannan ya buɗu a ƙaramar waya ko da babu data.

Kayan aiki

Kwamfuta, don tsara shafuka. In babu, ɗakin kwamfuta na makaranta ko shagon buga takardu ya wadatar, rana ɗaya a mako.

Waya biyu: taka, da wata ƙaramar Android mai ƙaramin ma'aji irin wadda galibin ɗalibai ke riƙewa. Da ita za ka riƙa gwaji, ko aro ne.

Asusun Google da sunan sashe. Yana zuwa da gigabait 15 kyauta, ya fi ƙarfin abin da kake bukata.

Tsofaffin jinga da kundaye ashirin zuwa talatin da aka riga aka duba, daga malamai daban-daban.

Littafin ƙa'idojin rubuta kundi na sashe ko tsangaya, bugun da ake aiki da shi yanzu.

Filash biyu. Allon rubutu mai haruffa masu lanƙwasa: a waya Gboard yana da na Hausa, a kwamfuta Keyman yana yi.

Sai mutane: abokin aiki ɗaya da zai riƙe aikin tare da kai, wakilan aji, da amincewar shugaban sashe. Ka nemi amincewar tun farko, a rubuce in da hali, domin rumbun da shugaban sashe bai san da shi ba, ranar da wani malami ya ce bai yarda da abin da ke ciki ba ɗalibi ne zai sha wahala.

1. Ƙirga kurakurai kafin ka rubuta komai

Ɗauki tsofaffin takardun nan, ka ja layi a takarda mai fage biyu: irin kuskure, da sau nawa ya fito. Ka bi gyaran da malamai suka yi da jan biro, kana sa alama. Kada ka dogara da abin da kake zato. Malami yakan rantse cewa matsalar ɗalibai nahawu ce, sai ƙirga ta nuna abin da ya fi yawa shi ne kawo maganar wani ba tare da madogara ba, ko manufar da ba ta da alaƙa da take.

In ka gama, ɗauki goma na sama. Su ne shafukanka goma na farko, ba ƙari. Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne son rubuta littafi guda a kan dukkan fannin rubutu, su gaji a babi na biyu, zangon ya ƙare ba a ɗora komai ba.

In ba a ba ka tsofaffin takardu ba, ba ajinka jinga ta shafi ɗaya a makon farko, ka yi ƙirgar da ita.

2. Share tsohon tarkace

Tattaro duk fayilolin da ke yawo a zaurukan aji, ka gwama kowanne da littafin ƙa'idojin sashe. Wanda ya saɓa, fitar da shi. Wanda ba shi da sunan marubuci ko shekara, fitar da shi. In ka tarar malaman sashen kansu ba su daidaita ba, misali wani na son babi biyar wani na son shida, tsaya nan, ka kai maganar taron sashe a yanke hukunci. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: jagorar da ta saɓa wa abin da mai duba kundi zai nema ta fi rashin jagora cutar da ɗalibi.

3. Tsara folda

A Google Drive buɗe folda uwa, a cikinta folda biyar kawai: Fara Nan, Jinga, Kundin Digiri, Manazarta, Na Malamai. Sunan kowane fayil ya fara da lamba, ya faɗi abin da ke ciki, ya ƙare da shekara, kamar "03 Yadda ake taƙaita take 2025". Wajen rabawa, zaɓi cewa duk mai linki zai iya kallo kaɗai. Kada ka bar damar gyara a buɗe, don ɗalibi ɗaya zai iya goge folda bisa kuskure yana ƙoƙarin sauke ta. Foldar malamai kuwa a raba ta ga adireshin imel na kowane malami.

Kada a gina rumbun a kan asusun mutum ɗaya. Na ga sashen da mai bautar ƙasa ya taimaka musu ya ɗora komai a asusunsa, ya gama shekararsa ya tafi, lambarsa ta daina shiga, aikin ya bi shi. Asusun sashe, mutum biyu su san kalmar sirri, lambar dawo da asusu ta zama ta ma'aikaci na dindindin.

4. Rubuta shafukan: tambaya ɗaya, shafi ɗaya

Nan ne gundarin aikin. Kowane shafi ya amsa tambaya guda, irin yadda ɗalibi zai yi ta da bakinsa: "Yaya zan taƙaita takena?" "Me ake rubutawa a tsakure?" Tsarin da nake bi shi ne ƙa'ida a layi biyu ko uku, sai misali marar kyau, sai gyararren misalin, sai dalilin gyaran, sai ɗan aikin gwaji.

Ga yadda shafin take zai kasance. Misali marar kyau: "Noma a Jihar Zamfara". Gyararre: "Tasirin tsadar taki ga manoman shinkafa na rani a yankin madatsar ruwa ta Bakalori, 2022 zuwa 2024". A ƙasa sai ka nuna masa da yatsa: na biyun ya faɗi su wa ake bincike a kansu, a ina, a wane lokaci, da kuma wace matsala. Na farkon kuwa ko shekara goma aka ba shi ba zai gama ba. Sannan ka ciro manufofi uku daga cikin gyararren taken, don ya ga cewa manufa daga take take fitowa, ba daga kundin wani ake kwaso ta ba. Aikin gwaji: ga "Kasuwanci a Shinkafi", taƙaita shi.

Shafin bitar ayyukan da suka gabata ya fi kowanne wahalar rubutawa, kuma ya fi kowanne amfani. Ɗalibanmu sun saba jera marubuta kamar layin karɓar kati: wane ya ce, wane ya ce, wane ma ya ce, babu inda aka haɗa maganar ɗaya da ta ɗaya. Nakan yi misali da gubar dalma da ta ɓulla a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, domin an yi rubuce-rubuce da yawa a kanta kuma ɗalibai sun san labarin. Sai in nuna yadda za a kasa ayyukan gida uku: waɗanda suka duba musabbabi, wato daka da niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, waɗanda suka duba maganin da aka yi wa yara, da waɗanda suka duba kwashe gurɓatacciyar ƙasa. A kowane gida a faɗi inda marubuta suka dace, inda suka saɓa, da abin da ba wanda ya taɓa. Wannan giɓin shi ne ƙofar binciken ɗalibi. Da zarar ya gani da misalin garinsu, ya fahimta.

Misalan da za ka ɗauko daga takardun ɗalibai, cire suna da lambar rajista, ka sauya sunan gari ko makaranta in za su iya tona wanda ya rubuta. In za ka ɗora cikakken kundi mai kyau a matsayin abin koyi, nemi izinin mai shi a rubuce. Ban da dokar kare bayanan mutane ta 2023, akwai mutunci: ɗalibin da ya ga an yi misali da kuskurensa a gaban aji ba zai ƙara kawo maka aikinsa da zuciya ɗaya ba.

Wajen tsarawa, sa girman takarda A5 da haruffa 12 zuwa 14, ka fitar da shi PDF kai tsaye daga Word ko Google Docs. A haka zai karantu a waya ba sai an yi ta jan allo ba. Kada ka ɗauki hoton takarda ka mai da shi PDF. Shafin rubutu zalla 'yan kilobait ne, hotonsa kan kai megabait biyu ko uku, kuma ba a iya neman kalma a cikinsa. Bayan fitarwa, duba ƙ, ɗ, ɓ da ƴ sun fito, ba su koma akwatuna ba. In sun lalace, sauya samfurin haruffa zuwa Charis SIL, kyauta ne.

5. Shafukan manazarta

In sashenku APA yake bi, wato ɗaya daga cikin tsare-tsaren kawo madogara da jera manazarta, tabbatar da wane bugu. Na 7 ya fito a Oktoba 2019, amma har yau takardun bugu na 6 na yawo a hannun ɗalibai. Bambance-bambancen da suka fi shafar mu uku ne: an daina sa garin da aka buga littafi, in marubuta uku ne ko fiye, a cikin rubutu ana kawo na farko da "et al." tun a ambato na farko, a jerin manazarta kuma ana lissafa marubuta har 20. Sassan adabi da ke bin tsarin MLA su duba bugu na 9, na 2021.

Abin da jagororin waje ba za su warware maka ba shi ne namu na gida, kuma a nan ya kamata ka ɓata lokaci. Marubutanmu da yawa sunan gari ne a ƙarshen sunansu: Gusau, Ƙaura, Bunza, Argungu. Ɗalibi yakan rikice, ya ɗauki sunan mahaifi a wani wuri, sunan gari a wani wuri, mutum ɗaya ya zama biyu a manazarta. Ƙa'idar: sunan ƙarshe kamar yadda yake a bangon aikin, a riƙe shi ko'ina. Ka ba da misalin yadda ake kawo kundin digiri da ba a buga ba, takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani, shirin rediyo, da rubutun ajami da aka samu a hannun wani malami. Sai hira. APA tana ɗaukar hirar da ba a adana inda mai karatu zai same ta ba a matsayin magana tsakanin mutum biyu, ana ambatonta a cikin rubutu kaɗai. Sassan Hausa da tarihi kuwa sukan so jerin waɗanda aka yi hira da su a ƙarshen kundi, da shekarunsu, da wuri, da ranar hirar. Rubuta wanda sashenku ya zaɓa, da misali.

Ga masu kwamfuta, koya musu Zotero, manhajar tsara manazarta, kyauta ce. Masu waya kaɗai su yi amfani da ZoteroBib a burauza, ba ya bukatar rajista. Ka gargaɗe su cewa manhaja tana kwafo abin da ta tarar ne, sai an bi da ido.

6. Harshe biyu, da murya

Ko da Ingilishi ake rubuta kundi a sashenku, sa taƙaitaccen bayani da Hausa a saman kowane shafi. Ɗalibin da ya fahimci ma'anar manufar bincike da harshensa zai rubuta ta daidai da kowane harshe. Ka haɗa kowane shafi da saƙon murya na minti biyu zuwa uku, ka naɗa shi a ɗaki marar hayaniya, fanka a kashe. Murya ba ta cin data kamar bidiyo, kuma ɗalibi zai saurara a cikin mota tsakanin Gusau da Talata Mafara.

Masu rubutu da Hausa suna bukatar shafi biyu na musamman. Na farko a kan haɗewa da rabewa: "yana" ba "ya na" ba, "na gode" ba "nagode" ba. Na biyu a kan karin harshe. Ɗan Zamfara yakan rubuta "hwarko" ko "shina" yadda yake furtawa. A bayyana masa cewa a jikin kundi daidaitacciyar Hausa ake bi, amma in yana kawo maganar wanda ya yi hira da shi ko baitin waƙa, ya bar ta da Zamfarcinta, kada ya gyara wa mai magana harshe.

Tuntuɓi malaman da ke koyar da GST 111, kwas ɗin sadarwa da Ingilishi na 'yan aji ɗaya a sabon tsarin manhajar karatu da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a Disamba 2022. In suka nuna wa ɗalibai rumbun tun shekarar farko, kafin a kai ga kundi sun saba da shi.

7. Satar fasaha da ƙirƙirarriyar basira

Shafi ɗaya ya nuna sakin layi na asali, sai kwafi kai tsaye, sai wanda aka sauya kalmomi biyu-uku aka bar ginin jimla, sai wanda aka fahimta aka sake faɗa tare da madogara. Yawancin ɗalibai ba su san na ukun ma sata ba ne. Ka kuma bayyana wa malamai da ɗalibai cewa kason da Turnitin, manhajar da ke gwama rubutu da na wasu, ke fitarwa na kamanceceniya ne. Jerin manazarta da maganar da aka sa a cikin alamar zancen wani suna ɗaga shi, sata mai wayo kuma tana iya wucewa da ƙaramin kaso. Sai an buɗe rahoton an karanta.

Game da ChatGPT da ire-irensa, sashe ya rubuta abin da ya halatta da abin da ya hana, a fili. Gargaɗin da ba na bari ya wuce shi ne waɗannan manhajoji suna iya ƙago manazarta da babu su a duniya, da sunan marubuci da mujalla da shekara, komai tsaf. Ƙa'ida ga ɗalibi: duk aikin da ba ka buɗe shi da idonka ba, kada ya shiga kundinka. Ga malami: ɗauki uku daga manazartar ɗalibi, ka nema a Google Scholar, ko ka sa lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, a doi.org.

8. Foldar malamai

Abu uku sun isa a fara: samfurin umarnin jinga mai faɗin tsawo, ranar miƙawa da tsarin madogara, ma'aunin maki da ke raba kaso tsakanin hujja, tsari, harshe da manazarta, da jerin gajerun sharhi masu lamba. Maimakon malami ya rubuta dogon bayani a gefen takarda, sai ya rubuta "duba shafi 03". Ma'aunin makin a ba ɗalibai shi tare da jingar, ba bayan an duba ba.

9. Kayan waje

Zaɓi kaɗan, ka rubuta layi ɗaya a ƙarƙashin kowanne kan amfaninsa. Purdue OWL na jami'ar Purdue a Amurka, wanda ke intanet tun 1994, don tsarin madogara. Academic Phrasebank na jami'ar Manchesta a Ingila, don jimlolin rubutun ilimi da Ingilishi. AJOL don mujallun Afirka, DOAJ don mujallun da ake karantawa kyauta, da littattafan kwasa-kwasan jami'ar NOUN. Linki za ka sa, kada ka kwafe shafukansu ka maƙala sunan sashenku. Muna koyar da guje wa satar fasaha, bai dace rumbun ya fara da ita ba. Abin da ke ɗauke da lasisin Creative Commons ana iya sarrafa shi bisa sharuɗɗan lasisin, tare da ambaton mai shi.

10. Rarrabawa, da data da babu data

Buɗe zauren WhatsApp da masu kula kaɗai ke turo saƙo, ka sa linkin rumbun a bayanin zauren, don saƙon da aka maƙale a sama yana sauka bayan kwana 30. Tambayoyi su bi ta wakilan aji ko wani zaure daban, in ba haka ba fayiloli za su nutse cikin gaisuwar Juma'a. Buga lambar QR ka manna a allon sanarwa da ƙofar ofis.

Mu a Zamfara ba ma mantawa da Satumba 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa saboda matsalar tsaro, wasu yankunan suka fi wata biyu babu sabis. Ko ba a rufe ba, ɗalibin da ya koma gida Maru ko Zurmi hutu ba shi da tabbacin sabis. Saboda haka kowane zango a haɗa dukkan shafukan a fayil guda marar nauyi, wakilan aji su raba shi waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth. Filash ɗaya a ofishin sashe, ɗaya a hannun amintaccen mai shagon buga takardu na bakin makaranta, sannan kwafin takarda biyu a ɗakin karatu.

11. Gwaji da ɗalibai

Kira ɗalibai biyar, maza da mata, masu ƙoƙari da masu rauni. Miƙa wa kowanne ƙaramar wayar, ka ce: "Nemo mini yadda ake kawo hira a kundi." Ka yi shiru, ka kalli yatsansa. Inda ya tsaya, inda ya buɗe foldar da ba ita ba, inda ya ƙanƙance ido, rubuta. In ka tambaye su ko sun gane za su ce "Eh, Malam" don ladabi, shi ya sa kallo ya fi tambaya. In uku cikin biyar suka ɓata a wuri ɗaya, sunan fayil ɗin ko wurin da aka ajiye shi ne ke bukatar gyara. Ga waɗanda ke jin nauyin magana a gabanka, buɗe fom na Google marar neman suna mai tambaya uku: me ka nema, ka samu, me ya rage.

12. Kula da shi

A ƙarshen kowane zango sake ƙirgar mataki na farko da sababbin takardu. Kuskuren da ya ragu, bar shafinsa yadda yake. Wanda bai motsa ba, sake rubuta shafin da wani misali, ko ka tambayi malamai ko suna tura ɗalibai can. Sabon kuskuren da ya hau sama, buɗe masa shafi. Danna kowane linki ka ga yana aiki, sabunta shekarar da ke kan fayil, tsohon bugu kuma ka mayar da shi foldar ajiya da ɗalibai ba sa gani. Idan za ka tafi ƙarin karatu ko hutun shekara, rubuta takardar miƙa aiki mai sunan asusu, inda filash suke, shafukan da ke jiran gyara da wakilan ajin da ke rabawa, ka zauna da wanda zai karɓa ya shiga asusun a gabanka, sannan ya sauya kalmar sirri da lambar dawo da asusu zuwa tasa.